Mariƙin Ƙofar Kakana: Tarihin Murɗa Ƙarfe a Maƙera

Ina da wani shiri da nake gabatarwa kowane mako a gidan rediyon da nake aiki a Damagaram, inda nakan ɗauki sana'a ɗaya ta gargajiya in tattauna a kanta, daga nan in buɗe layi masu saurare su tofa albarkacin bakinsu. Ranar da muka zo kan ƙira, na yi ta yabon maƙera, har na ambaci irin murɗiyar da suke yi wa mariƙin ƙofa da mariƙin madoshi da na matsefata, na ce wannan ado ne da muka gada kaka da kakanni. Sai wani bawan Allah ya bugo waya daga wajen Matamaye ya ce: "Malam mai gabatarwa, ka gyara zancenka. Murɗa ƙarfe aikin Nasara ne, a tagogin gidajen Faransawa maƙeranmu suka gani suka kwaikwaya."

Na yi shiru na ɗan lokaci, irin shirun da duk ma'aikacin rediyo ya san ba a son sa. Na gode masa, na saka kiɗa, shiri ya ƙare. Amma maganar ta bi ni har gida, domin ba ni da hujja, kuma hujjar da ya kamata in riƙe da hannuna ni ne na sayar da ita.

Ga yadda abin ya faru. Zauren gidanmu da ke Birni yana da tsohon ƙyaure na itace, mai ƙusoshi manya-manya da mariƙi na baƙin ƙarfe wanda tsawonsa ya kai taƙi ɗaya da ɗan wani abu. Tsakiyar mariƙin a murɗe take kamar igiya, hannuwa sun goge ta har tana sheƙi. Mahaifina yakan ce kakansa ne ya sa aka ƙera shi, tun Zinder tana babban birnin ƙasar, wato kafin a mayar da mazaunin gwamna Yamai a 1926. Da gara ta ci ƙasan ƙyauren, sai na sa aka yi mana ƙofar walda, ni kuma na haɗa tsohon ƙyauren da mariƙinsa na sayar wa masu sayen tsofaffin ƙarafa a kan jika biyu. A lokacin gani nake na rage wa gida tarkace.

Wannan kunya ce ta kai ni maƙera. A bayan kasuwa akwai wani dattijo da ya haura shekara saba'in, wanda har yanzu yake aiki da zuga-zugin fata, jikansa na yi masa zuga. Na gaishe shi, na zauna a kan wani kututture, na kwashe labari na faɗa masa. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, kai ne mai maganar nan ta rediyo? To yau ka yi shiru, ka yi kallo."

Ya ɗauko wani guntun ƙarfe mulmulalle ya cusa cikin gawayi. Da ya yi ja ya soma komawa ruwan lemo, sai ya ciro shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya yi ta bugu yana juyawa har ƙarfen ya zama mai fuska huɗu da kusurwa huɗu masu kaifi. Na tambaye shi dalili. Ya ce mulmulallen ƙarfe ko ka murɗa shi sau goma ba mai ganewa, domin ba shi da layin da ido zai bi. Kusurwoyin nan su ne suke zama zanen. Ya mayar da shi wuta, yana jan sa gaba da baya don zafin ya daidaita a tsawon wurin da yake so. Ya ce nan ne yawancin yara suke faɗuwa: ƙarfe yana murɗuwa ne a inda ya fi zafi, don haka in gefe ɗaya ya fi ɗaya ja, murɗiyar za ta matse a nan, ta saki a can. Da ya ciro shi, ya ɗebi ruwa da wani ɗan gwangwani ya zuba a bakin nan biyu da ba ya so su motsa. Jikan ya danne gefe ɗaya da babban awartaki, shi kuma ya kama ɗayan ya juya a hankali, yana ƙirga zagaye a bakinsa. Ya tsaya daidai inda fuskar sama ta dawo sama. Ƙarfen ya ɗan karkace, sai ya ɗora shi a kan kututture ya miƙar da shi da gudumar itace, domin gudumar ƙarfe za ta murƙushe kusurwoyin da aka sha wahala a kansu.

Duka aikin murɗiyar bai kai minti ɗaya ba. Shirya ƙarfen kuwa ya ci kusan rabin sa'a. Na ce: "Baba, to mene ne amfaninta ban da kyau?" Ya ce abu biyu ne. Na farko, hannu mai gumi ko mai maiƙo ba ya zamewa a kanta. Na biyu, kuma shi ne babba a wurin iyayensu, murɗiya rantsuwar maƙeri ce. Ƙarfen da aka fitar daga tama yana zuwa da datti a cikinsa, abin da ake kira kashin maƙera. In ba a buge shi sosai an ninka an sake bugewa ba, to da an murɗa shi zai tsage a tsaye kamar rake. Saboda haka mai saye in ya ga mariƙi a murɗe babu tsaga, ya san ƙarfen ya sha guduma, kuma maƙerin ba ya tsoron a gwada shi.

Wannan magana ta dattijo ita ce ta buɗe mini hanyar bincike, domin na tarar da irinta a wata ƙasa mai nisa da mu. A yankin da Gini da Saliyo da Laberiya suka haɗu, mutanen Kissi da maƙwabtansu sun daɗe suna ciniki da kuɗin ƙarfe. Siririyar sanda ce, jikinta a murɗe, baki ɗaya an faɗaɗa shi kamar filafili, ɗayan kuma an raba shi biyu an fiƙe. Maƙeran wurin ne suke ƙera ta daga tamar ƙasarsu, kuma masana sun bayyana cewa siffarta tana nuna ingancin ƙarfen: ga shi ya murɗu, ya faɗaɗu, ya fiƙu, bai karye ba. In ta karye, ba ta da daraja sai an kai wa wanda ya san sirrin gyara ta. An ci gaba da amfani da wannan kuɗi har cikin ƙarni na 20, tare da kuɗin Turawa. Ka ga ke nan murɗiya a can ta yi aikin da hatimin gwamnati yake yi a jikin kwabo.

In aka koma baya sosai, a Igbo-Ukwu da ke kudu maso gabashin Nijeriya, haƙar da Thurstan Shaw ya fara a 1959 ta fito da kayan tagulla da jan ƙarfe na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, cikinsu har da mundaye da kayan ado da aka murɗa aka nannaɗe da hannu. Wannan kuwa ɗaruruwan shekaru ne kafin jirgin ruwan Turawan Fotugal ya iso gaɓar Afirka ta Yamma.

Shi kansa aikin ƙarfe a wannan yanki namu ya tsufa ƙwarai. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, an tono matoyan tama na mutanen Nok waɗanda suka girmi haihuwar Annabi Isa (AS) da ƙarnuka. A Duruula ta Burkina Faso akwai matoyar da aka ƙiyasta ta ƙarni na 8 kafin haihuwarsa, kuma a 2019 hukumar UNESCO ta saka tsofaffin wuraren aikin ƙarfe na ƙasar cikin kayan tarihin duniya. A nan gida Nijar, duwatsun Tarmit da ke arewa maso gabashin Damagaram suna cikin wuraren da masana suka fi yin muhawara a kansu, wasu na ganin suna cikin mafi tsufan wuraren aikin ƙarfe a Afirka, wasu na jayayya da shekarun da aka ba su. A Kano kuwa, dutsen Dala ya tara jama'a ne saboda tama tun wajen ƙarni na 7, kuma Abagayawa suna riƙe da labarin cewa kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama ya zauna a gindin dutsen. Ko labarin ya tabbata ko tarihin baka ne, abin lura shi ne babban birnin kasuwancin ƙasar Hausa ya yarda a danganta sunansa da maƙeri.

Ya kamata mai karatu ya san wahalar da ke bayan kowane guntun ƙarfe a wancan zamani, don ya gane abin da ya sa ake gwada shi. Sai an haƙo tama, an farfasa ta, an sare itace mai ƙarfi irin ƙirya an yi gawayi, an gina matoya da yumɓu, a jera tama da gawayi, a kunna wuta. Muna cewa "narkar da tama", amma a gaskiya ƙarfen ba ya zama ruwa, domin baƙin ƙarfe sai zafi ya haura digiri 1,500 yake narkewa, matoyar gargajiya kuwa takan tsaya wajen 1,200. Dattin ne yake narkewa ya gangara, ƙarfen ya dunƙule a ƙasa kamar soso. Wannan dunƙule shi ake fasawa a kai maƙera, a yi ta gasawa ana bugu da masaba har ya haɗe. A ƙasar Adar wannan ilmi ya kai har shekarun 1960, lokacin da wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta zauna da maƙeran yankin ta ɗauki aikin a fim. Ta nuna yadda suke ɗaukar matoya tamkar amarya, da irin tsarki da dokokin da ke kewaye da ranar toyi. Mutanen da suke ganin ƙarfe a matsayin abin da aka haifa da wahala haka, ba abin mamaki ba ne su so a ga shaidar lafiyarsa a jikinsa.

A al'adarmu an raba maƙera gida biyu: maƙeran baƙi masu garma da fartanya da lauje da gatari da linzami, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla, masu zobe da munduwa da awarwaro. Kowane gari mai sarauta yana da Sarkin Maƙera, kuma da yawansu suna danganta asalin sana'ar da Annabi Dauda (AS), wanda Allah ya tausasa wa ƙarfe. Murɗiya tana yawo tsakanin gidajen biyu. Abin da maƙerin fari yake yi wa siririyar azurfa don munduwar amarya, shi maƙerin baƙi yake yi wa sandar ƙarfe don ƙofar mai gida. Haka nan maƙeran Buzaye na Agadas da Abzin, waɗanda suka shahara da kwado da mabuɗi masu zane, sun daɗe suna cuɗanya da namu a kasuwa ɗaya.

A ƙarni na 19 muna da shaidar matafiya. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, Kano a 1851, ya kuma sauka a Zinder a ƙarshen 1852. Ya ba da labarin cewa a kasuwar Kano ana shigo da ruwan takubba masu yawan gaske daga garin Solingen na Jamus ta hanyar Sahara, amma a nan gida ake yi musu ƙota da kube. Wato tun a lokacin, ko da ƙarfen ya zo daga waje, wurin da hannu yake kamawa aikin ɗan ƙasa ne. A Damagaram kuwa, zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, masu sana'ar birnin sun kai ga ƙera igwa da haɗa albarushi. Faransawa ba su ci Zinder ba sai a 1899. Maƙerin da ya iya ƙera igwa shekaru kafin zuwan Nasara, ba sai ya leƙa tagar kwamanda ba kafin ya san ƙarfe mai zafi yana juyuwa.

To amma kada in zalunci mai kiran nan na Matamaye, domin akwai gaskiya a bakinsa. Turawa ma suna da tsohuwar al'adar murɗa ƙarfe, kuma Faransawa sun yi fice a ƙofofi da shingaye na ado. Ƙofofin da Jean Lamour ya ƙera a dandalin birnin Nancy a shekarun 1750 har gobe ana zuwa kallonsu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne canjin da aka samu a masana'antunsu. A 1784 Henry Cort ya fito da hanyar tace ƙarfe da yawa a Ingila, a 1856 kuma Henry Bessemer ya fito da tasa hanyar da ta karya farashin ƙarfe a duniya. Daga nan injina suka riƙa fitar da sanduna masu kusurwa huɗu, a miƙe, babu datti, kowace daidai da ƴar uwarta. Har ma a 1884 wani injiniya, Ernest Ransome, ya yi rajistar dabarar murɗa irin wannan sanda a saka cikin kankare, don siminti ya kama ta kada ta zame, wato dalilin da Baba ya ba ni game da hannu mai gumi.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929 da Nguru a 1930, sai wannan ƙarfe ya matso bakin iyakarmu. Hanyar da gyaɗar Damagaram da Maraɗi take bi ta tafi kudu, ita ƙarafa suke bi su taho arewa: guntayen dogo, tsofaffin ganguna, daga baya sifirin mota. Wa zai kwana uku a bakin matoya alhali ga ƙarfe a kasuwa da araha? A hankali toyin tama ya mutu, gari bayan gari. Su kuma gine-ginen gwamnatin mulkin mallaka suka zo da tagogi masu sandunan ƙarfe, aka koya wa yara aikinsu. Don haka murɗaɗɗun sandunan da muke gani a tagogi da ƙofofin zamani, waɗanda masu walda suke jerawa, lallai ta hannun Turawa suka zo. Mai kiran ya ga taga ya yi hukunci a kan maƙera baki ɗaya, ni kuma na yi yabo ba tare da na san inda iyakar take ba.

Abin da ya ɓace a tsakani shi ne ma'anar. Ƙarfen masana'anta mai laushi yana murɗuwa ko da sanyi, in an ɗaure baki ɗaya an sa dogon ƙarfe an juya, kuma ba ya tsagewa ko a hannun wa yake. Murɗiyar da a da take cewa "na sha guduma, gwada ni", yanzu ba ta cewa komai sai "ga ni". Baba ya nuna mini yadda ake bambanta su. Ta inji ko ta sanyi daidai take daga farko har ƙarshe, kusurwoyinta duk kaifi ɗaya. Ta wuta kuwa, in ka bi ta da yatsa, za ka ji ta ɗan matse a tsakiya inda zafi ya fi yawa, ta ɗan saki wajen bakin da aka zuba wa ruwa, kuma a fuskokinta akwai sawun guduma. Da ya faɗi haka sai yatsuna suka tuna. Mariƙin zaurenmu haka yake, matsattse a tsakiya. Shekara talatin ina kama shi safe da yamma ban taɓa tambayar dalili ba.

Na koma wurin masu sayen ƙarafa ko Allah zai sa a dace. Suka ce kayan wancan lokaci an daɗe da lodawa a babbar mota an yi kudu da su, wurin masu narkarwa. Wataƙila yanzu mariƙin kakana yana cikin ginshiƙin wani bene, ya zama ƙarfen gini.

Mako biyu bayan haka na sake ɗauko maganar a shirina. Na faɗi abin da na gano, na ba mai kiran gaskiyarsa a kan tagogi, na riƙe tawa a kan mariƙi. Allah da ikonsa ya sake bugowa, muka yi dariya, ya ce shi ma a ɗakin tsohuwarsa akwai wani madoshi mai murɗaɗɗen mariƙi da ake ƙona ƙwarya da shi, zai je ya duba ko a matse yake a tsakiya. Bayansa wata mata ta kira ta ce mijinta yana shirin sayar da tsohon ƙyauren gidansu, yanzu za ta hana. Ƙarfe ɗaya ba ya amo, in ji masu iya magana. Da mutumin nan bai ƙalubalance ni ba, da har yau ina yabon abin da ban sani ba.

Guntun ƙarfen da Baba ya murɗa a gabana, na roƙe shi ya ƙarasa shi ya zama mariƙi. Ya lanƙwasa bakin biyu, ya faɗaɗa su, ya huda. Na tambayi kuɗi, ya ce in ba jikansa abin da ya sawwaƙa, shi ne ya yi zuga. Na kai wa mai walda ya ɗaura mini a sabuwar ƙofar, yana ta mamakin abin da zan yi da wannan baƙin abu alhali ga masu sheƙi a kanti. Ba na tama ba ne, daga tsohon ƙarfen mota aka fitar da shi, kuma na san bai maye gurbin wanda na sayar ba. Amma ɗiyata ƴar shekara biyar ta riga ta tambaye ni me ya sa yake kamar igiya, kuma wannan karon ina da amsa.

Roƙona ga ƴan uwa, daga Damagaram har Maraɗi, Tawa, Katsina da Kano, shi ne kafin a miƙa tsohon ƙyaure ko adaka ko linzami ga mai sikeli, a tsaya a duba shi da kyau. In akwai dattijo a gida, a tambaye shi wa ya ƙera, a wane gari, da wane ƙarfe, a rubuta. In kuma akwai tsohon maƙeri a unguwa, a je a gaishe shi, a zauna a yi kallo, a ɗauki muryarsa ko da a waya ce. Waɗanda suka ga toyin tama da idonsu saura ƙalilan.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu.